Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin A-kori-kura Mai Gazuwal a Ƙasar Tchake

Ranar kasuwa, tun kafin gari ya waye sosai, za ka ji ta. Ƙararta ba irin ta motar fetur ba ce. Wani bugu ne mai nauyi, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya. Direba ya murɗa makulli rabi, ya dakata yana kallon 'yar fitilar da ke gaban sitiyari har ta mutu, domin in ana sanyin hunturu sai cikin injin ya ɗumama kafin ya yarda ya tashi. In batir ya yi rauni, karen mota ya kira masu wucewa a tura. Ta yi tari sau biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita. Daga nan sai lodi: buhunan gero da wake a ƙasa, jajayen awaki an ɗaure musu ƙafafu an kwantar a gefe, tabarmi da jarkoki a rataye, mutane a bisa kaya ƙafafunsu na reto a waje.

Sau da yawa motar ta girmi direbanta. Fentinta ya koɗe, ƙofar hagu da igiya ake riƙe ta, agogon da ke ƙirga tafiya ya daɗe da tsayawa. Amma je ka taya ta ka ji. Mai ita zai kira maka miliyoyin sefa ko ƙifta ido bai yi ba, in ka rage ya ce albarka ya juya. Ga ƙaramar mota mai sheƙi da ba ta kai rabin shekarunta ba, an kasa samun mai saye a Maradi. Wanda bai san ƙasar ba zai ce son kai ne ko rashin lissafi. Lissafi ne tsaf, kuma yana da tarihi.

Tchake ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mayahi, jihar Maradi, ɗaya daga cikin takwas da gundumar ke da su, tare da irin su Isawan da Atantane da Kanambakashe da Sarkin Hausa. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 tana wucewa ne can kudu, ta Cadawa da Agiye da Gazawa da Tasawa, ta nufi Damagaram. Da ka bar manyan hanyoyi ka nufi ƙauyuka, sai rairayi: jigawa bayan jigawa, hanya ta ratsa tsakanin gonaki, sawun amalanke ya yi mata rami biyu. Da rani yashi ya yi laushi ya haɗiye taya, da damina ruwa ya kwanta a kwari ya rufe mashiga. Wannan rairayi shi ne alƙalin da ya yanke wa kowace mota hukunci a ƙasar nan, tun daga ta farko.

Kafin mota, jaki da raƙumi da takarkari su ne masu ɗaukar kaya. Gyaɗa ce ta jawo manyan motoci. A zamanin mulkin Faransa, kuma bayan samun 'yancin kai a 1960, gyaɗar Maradi da Tasawa da Damagaram ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, mafi yawanta ta hanyar Kano, inda jirgin ƙasa ke jira. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don ya riƙe cinikin. Manyan motoci irin su Berliet su kan tsaya ne a wuraren awo, inda hanya ta yarda da su. Daga ƙauye zuwa wurin awo kuwa, har lokacin aikin jaki ne. Motar da ke kutsawa cikin daji a lokacin Land Rover ce, ita kuwa ta kwamanda ce ko ta likita ko ta malamin gona. Talaka sai dai ya ga ƙurarta.

Wadda ta fara zama motar jama'a Peugeot ce, Fijo a bakin mutane. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya fito da 404 mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, wadda a Nijar ake ce wa bashe, a Najeriya kuma a-kori-kura. A 1979 ƙanwarta 504 ta biyo baya. Ta hanya biyu suka cika ƙasar Hausa. Ta kudu akwai masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975 lokacin da kuɗin man fetur ke ambaliya a Najeriya. Ita ta sa kayan gyaran Fijo suka zama kamar gishiri a kasuwannin Kano da Katsina da Maradi. Ta arewa kuma akwai wani ciniki da yaran yau ba su gani ba. Samarin Turawa su sayi tsohuwar Fijo a ƙasarsu, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka da Arlit da Agadas, su sayar da ita, su hau jirgi su koma da abin da ya rage. Motar da ta keto hamada da ƙafarta ba ta bukatar wani ya yi mata shaida. Wannan hanya ta mutu a farkon shekarun 1990, da rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar.

Wasu daga cikin waɗanda suka zo daga Turai masu shan gazuwal ne, da injin da ake kira Indenor, kuma a kansu makanikan Maradi da Tasawa da yawa suka koyi ƙaramin injin gazuwal. Bashe ta yi aiki, Allah ya sani. Ta kai amare, ta kai marasa lafiya, ta kai gero kasuwa. Illarta ɗaya: ƙafafun baya kaɗai ke ja. In ta shiga yashi mai zurfi da cikakken lodi, sai kowa ya sauko, a tona, a shimfiɗa rassan sabara ƙarƙashin taya, a tura da kabbara. Duk wanda ya yi tafiya a ƙasar Mayahi a waɗannan shekaru ya biya kuɗin mota kuma ya biya da ƙarfinsa.

Toyota da yunwa ta shigo. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa, cutar da ta kama ta a 1975 ta ƙarasa shi. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen ƙasar suka raɗa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. Bayan kowace masifa sai ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara su biyo, kowanne da fararen motocinsa. Kamfanin Toyota ya fito da Hilux tun 1968, amma sai a 1979 ya ba ta injin gazuwal da kuma giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja tare. A 1984 ya fito da Land Cruiser samfurin 70, a 1990 ya sa mata injin 1HZ mai silinda shida da faɗin lita 4.2. Ita ma Hilux ta samu nata injinan da suka yi suna, 2L mai lita 2.4, da 3L mai lita 2.8, daga baya 5L mai lita 3. Mutanen ƙauye suka ga mota ta hau jigawar da bashe ke durƙusawa a gindinta, ba wanda ya sauka.

Labarin da ya ƙara mata kwarjini daga Chadi ya zo. Ranar 2 ga Janairun 1987, sojojin shugaban ƙasar, Hissène Habré, ƙarƙashin Hassan Djamous suka auka wa sansanin Libiya a Fada bisa motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya, kimanin 400 da Faransa ta ba su, suka tarwatsa rundunar da ke da tankokin yaƙi. A watan Maris suka maimaita a Wadi Dum. Har yau ana kiran wannan yaƙi da sunan motar. Ba abin alfahari ba ne a ce mota ta yi suna a wurin kisa, amma darasin da 'yan kasuwa suka ɗauka a fili yake: abin da ya jure hamadar Chadi da bindiga a bayansa zai jure hanyar Tchake da buhu ashirin.

To me ya sa ba ta mutuwa? A nan ne nake son a tsaya, domin amsar ba sihiri ba ce.

Injin gazuwal ba ya amfani da fulogi. Iska yake matsewa a cikin silinda har ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin ashirin da biyu na girmanta, ta yi zafin da in aka fesa mai sai ya kama da kansa. Injin da zai jure irin wannan matsi dole a zuba shi da baƙin ƙarfe mai kauri, komai nasa ya fi na fetur nauyi. Sannan ba ya gudu da yawa. 1HZ, duk girmansa, ƙarfin doki 130 ne kawai ko kusa da haka, abin da ƙaramin injin zamani ke bayarwa da rabin faɗinsa. Kamar sa ne da aka ɗora wa kayan jaki: zai tsufa bai san wahala ba. Famfon da ke raba mai kuwa na ƙarfe ne zalla, da juyawar injin yake aiki, ba kwamfuta a cikinsa. Ƙasan motar shasi ne mai kama da tsani, jiki daban, ƙashi daban. Land Cruiser ta farko da yawancin Hilux masu jan ƙafa huɗu na kafin 1997 gaba da baya duk bisa falankin sifirin suke zaune, irin wanda in ɗaya ya karye a daji ana ɗaure shi da itace da igiyar roba a lallaɓa har gari.

Ƙasar ma tana taimakonta. A Turai gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara shi ke cinye mota ta ƙasa tun injinta na da rai. Nan damina wata uku ce, sauran shekara bushewa. Tsatsa ba ta samun abin ci. Abokan gabanta a nan uku ne, kuma kowane direba ya san su: ƙura, da ruwa ko datti a cikin mai, da zafi. In lagireto ya toshe aka ƙi kula, kan injin 3L ya tsage. In aka wuce lokacin canza bel ɗin da ke daidaita bugun injin, wanda ake so a sauya wajen kowace kilomita 100,000, ranar da ya tsinke sai an buɗe injin gaba ɗaya.

Amma babban sirrin ba a Japan aka ƙera shi ba, a gindin bishiya yake. Na taɓa zama a wani gareji a Tasawa ina jiran a gyara motar da ta kawo mu, wadda ta mutu bayan an zuba mata man jarka. Maigidan garejin bai taɓa ta ba tukuna. Ya ce a tayar, ya saurara, ya ce iska ce ta shiga. Ya kira wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba.

"Kai, zo ka sassauta na farko."

"To, Maigida."

Yaron ya kwance matatar mai, ya juye ta a cikin gwangwani, muka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, mai na yawo a sama. Ya sa sabuwa, ya dinga danna ɗan famfon hannu da tafinsa, sannan ya sassauta goron bututun da ke kai mai ga nozul. Direba ya murɗa makulli. Kumfa ta fito, ta fito, sai mai tsantsa ya biyo. Ya ɗaure, ya koma na biyu. Kafin ya kai na huɗu mota ta kama. Sifana biyu da gwangwani ɗaya, shi ke nan kayan aikin. Wannan ilmi yana nan a Mayahi, yana Tasawa, yana Cadawa, yana kowace tasha daga Konni har Diffa, kuma maigida ke miƙa wa yaro shi kamar yadda maƙeri ke miƙa wa ɗansa. Wanda ya sayi tsohuwar Hilux ba ƙarfe kaɗai ya saya ba. Ya sayi tabbacin cewa duk inda ta tsaya akwai hannun da ya san ta, kuma akwai kayanta a Maradi ko Kano, sabo ko na gwanjo.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Dare ɗaya kuɗin duk abin da ake shigowa da shi ya ninka, sabuwar mota ta fi ƙarfin kowa sai gwamnati da ƙungiyoyi. Daga nan kasuwar tsofaffi ta buɗe baki. Jiragen ruwa suka dinga sauke motocin Turai a Kwatano, a koro su ta Parakou da Malanville, a tsallaka kogi zuwa Gaya, a bi Dosso da Konni har Maradi, inda da yawa ke juyawa kudu ta Dan Isa su shiga Najeriya. Alhazan Maradi sun ci wannan kasuwa sosai. Sai dai ƙananan motoci ne suka fi yawa a cikin ayarin. A-kori-kura mai gazuwal mai jan ƙafa huɗu kullum kaɗan ce, masu nema kuwa da yawa, shi ya sa kuɗinta bai taɓa faɗuwa yadda na sauran ke faɗuwa ba.

Hanya ta biyu ita ce gwanjon ma'aikatu. In aikin raya karkara ya ƙare, ko ƙungiyar agaji ta sabunta motocinta, kamar yadda aka gani bayan yunwar 2005 da ta cika jihar Maradi da fararen Land Cruiser, sai a sayar da tsofaffin. A nan ne mota ta samu asali kamar doki. Dillali zai ce maka wannan ta ƙungiya ce, direba ɗaya ya riƙe ta, ana canza mata mai kan lokaci. Waccan kuwa ta yi kasuwa-kasuwa shekara goma. Ba wanda ke duban agogon tafiya, kowa ya san ana juya shi. Mai saye ya zo da makanikensa tun da sassafe, domin a tayar da ita tana sanyi, a gabansa. A dubi hayaƙi: baƙi na nozul ne ko matatar iska, abu mai sauƙi, shuɗi kuwa injin na shan baƙin mai, aiki babba, fari mai ɗorewa bayan ta yi zafi, a yi hattara da kan injin. A buɗe murfin baƙin mai tana aiki a ga ko tana huci. A kwanta a ƙasa a bi shasi da hannu ana neman walda. A kai ta yashi a sa giyar ƙafa huɗu a ji ko da gaske tana kamawa. Sai an gama wannan a tambayi takardu, a ga ko an biya duwan, domin mota marar takarda rabin kuɗi ce kuma cikakken ciwon kai a gaban jandarma. Sannan a zauna.

"Alhaji, a rage mini don Allah, tayoyin duk sun ƙare."

"Malam, taya ake saye ko inji? Albarka."

Haka za a yi ta ja har a kai inda mai ita zai ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, a yi addu'a. Da yawa daga masu irin wannan mota suna kallonta ne yadda Bafillace ke kallon saniya: tana ba da nono kullum, in bukata ta taso kuma a sayar a fita kunya. Manomin da ya samu amfanin wake ko riɗi mai kyau, ko ɗan da ya dawo daga ci-rani da ɗan abin hannu, ya san kuɗin da ya sa a cikinta ba su narke ba.

Gazuwal bai ci kasuwa ba tare da hamayya ba. Shekaru da yawa Najeriya na tallafa wa fetur bayan ta daɗe da sakin kuɗin gazuwal, don haka fetur ɗin 'yan ruwa-ruwa, wanda ake tsallakowa da shi a jarkoki a sayar a kwalabe bakin hanya, ya fi komai araha a jihar Maradi. Wannan ya raya motocin fetur da babura. Mai gazuwal yana da hujjarsa: lita ɗaya ta fi nisa, kuma ƙarfin ja a cikin yashi ba a haɗa su. A Nuwamban 2011 matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, Nijar ta samu gazuwal nata. A 2022 abin ya juya: kuɗin gazuwal ya yi tashin gwauron zabi a maƙwabta, na Nijar ya dinga sulalewa waje, aka shiga layi a gidajen mai, har a watan Agusta gwamnati ta ɗaga lita daga sefa 538 zuwa 668. A Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin fetur, ribar ruwa-ruwa ta karye. A Yulin 2024 aka sauko da gazuwal zuwa 618. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye an ji shi a tashar Mayahi, a kuɗin buhu da kuɗin kai.

Arewa ma ta ja nata. Da aka gano zinariya a Djado a 2014, samari daga Maradi da Damagaram suka kwarara can, kuma ba abin da ke kai mutum da ruwa da abinci wurin sai mota mai jan ƙafa huɗu. Dokar hana safarar baƙin haure mai lamba 2015-36, wadda aka fara aiki da ita sosai a 2016, ta sa aka kama motoci da dama aka jibge a Agadas har aka soke ta a Nuwamban 2023. Ga kuma 'yan bindiga, da ke son irin motar da ɗan kasuwa ke so, saboda dalili ɗaya. Duk wannan bukata a kan kaso ɗaya na motoci take sauka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma iyakar Benin ta rufe, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. In sabuwar shigowa ta yi wuya, wadda ke gida sai ta ƙara daraja.

Abin da ke damuna shi ne magajiya. Motocin gazuwal da Turai ke fitarwa yanzu kwamfuta ke raba musu mai, da matsi mai tsanani, ta nozul ɗin da ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ke kashewa. An yi su ne don mai mai tsabta ƙwarai, suna da matatar hayaƙi da ke toshewa. Sun fi ƙarfi, sun fi tsabtar hayaƙi, wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a bayan tsohuwar Hilux tana hawan tudu ya san abin da ƙirjinsa ya sha. Amma in irin wannan ta tsaya tsakanin Tchake da Isawan, sifana biyu da gwangwani ba za su tashe ta ba, sai an nemo mai na'ura daga birni. A Fabrairun 2020 ministocin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, suka amince a Wagadugu da a rage farar wuta a cikin mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, a kuma taƙaita shekarun motocin da ake shigowa da su. Niyya ce mai kyau, amma ba ta zo da amsar wanda zai kai gero kasuwa ba, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kamfanin Toyota da kansa ya gane inda kasuwar take: ya ci gaba da ƙera Land Cruiser 79 mai injin 1HZ don Afirka shekaru da yawa bayan dokokin hayaƙin Turai sun rufe wa injin ƙofa.

Kuma kada son da muke yi mata ya rufe mana ido. Injin ne ba ya mutuwa, birki yana mutuwa, taya tana mutuwa. Motar da aka yi don ta ɗauki tan ɗaya ana ɗora mata biyu, a ƙara mutum ashirin a sama. In ta kife a kwana, ba mai ita ke ƙarƙashin buhunan ba, matan da suka fito sayar da ƙuli-ƙuli ne da tsofaffin da za su asibiti. Mai motar da zai kashe kuɗi a wanke famfo amma ya ce birki ya jira kasuwa mai zuwa, ya ci amanar waɗanda suka hau. Tsadar tsohuwar a-kori-kura kuma, in aka bi ta har gindi, awon rashin hanya ce. Inda kwalta ta isa, ƙananan bas da babura masu ƙafa uku kan karɓe mata aiki cikin 'yan watanni, ita kuma ta ƙara matsawa ciki, inda yashi ya rage.

Ranar da ta gaza gaba ɗaya ma ba a jefar da ita. Injin, in da sauran numfashi, a sauke shi a sa wa wata, ko a ɗaure shi a kan dakali ya juya janareto. Giya da famfo da kan injin su tafi shagon kayan gwanjo, kowanne da kuɗinsa. Gatarin baya da ƙafafunsa mai walda ya saye ya yi amalanken shanu. Falankin sifirin maƙera ke rububinsa, domin ƙarfensa na riƙe kaifi: daga shi ake fitar da gatari da wuƙa da ruwan hauya. Tayoyi su zama takalma da igiyar ɗaurin kaya, tsohon tif kuma a yanka a ɗinka guga, a zura shi a rijiyar bakin gari.